Gishiri Ko Wuta: Wace Bishiya Ta Dace Da Kudancin Birnin Kaduna?

Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, baƙuwa ce daga Ostareliya, amma ta daɗe da zama 'yar gari a Kaduna. Gandun dajin Afaka, wanda aka keɓe a 1954, na daga cikin wuraren da masu binciken gandun daji suka gwada ta, tare da abokan aikinsu na tashar Samaru ta Zariya. Ta burge su: tana da saurin girma, tana ba da itacen girki da turaku, kuma nau'inta da aka fi shukawa a Arewa yana jure ƙasa mai ɗan gishiri.

Wannan juriyar ce ke sa a yi mata kallon maganin ƙasar da ta gaji. Sai dai ya kamata a tambaya: gishirin nawa ne a ƙetaren kogin Kaduna? Kaduna ba Kadawa ta Kano ba ce, ba kuma ƙasar Manga ba, inda kanwa ke fitowa fili. Ruwan saman da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, yana kuwa wanke ƙasa. Inda ake da dalilin fargaba shi ne bakin magudanun Kakuri da Makera, unguwannin da suka zama cibiyar masaƙu bayan buɗe masaƙar KTL a 1957, domin rinin masana'anta na cin gishiri da soda, kuma masu lambu kan yi ban ruwa daga irin waɗannan magudanu da rani. Matsala ce ta zirin ƙasa, ba ta gari duka ba.

Wuta kuwa ta kowa ce. Da zarar hunturu ya kama, gamba ta bushe a bayan Gonin Gora da Sabon Tasha da hanyar Kachiya, inda matatar mai take tun 1980, sai mafarautan gafiya da makiyaya masu neman sabon toho su kunna ashana. A nan halin turare na biyu ke bayyana. Ganyenta na da mai, ɓawonta na zuba ya taru a gindi, ga shi ba ya saurin ruɓewa. Ita kanta takan sake tohowa bayan gobara. Gidan maƙwabci ne ba ya tohowa. Fotigal ta ɗanɗana a Yunin 2017, lokacin da wuta ta ratsa dazukan turare da fayin a Pedrógão Grande, mutum 66 suka rasu.

Abin mamaki, amsar ta girmi yawancin masu shuka na yau. Gwajin ƙunar daji da aka fara a gandun dajin Olokemeji, kudu maso yammacin Nijeriya, a 1929 ya nuna cewa ƙunar farkon rani, ciyawa na da sauran danshi, ba ta hana itatuwa ƙaruwa, amma ƙunar ƙarshen rani na hallaka ƙanana. Kaɗanya da maje masu kaurin ɓawo sun saba da wannan yanayi, bagaruwa da aduwa kuma na jure gishiri gwargwado.

Saboda haka turare na da gurbi a bakin magudanun ruwan masana'antu, muddin an auna ƙasar tukuna, an kuma share fili mai faɗi a kewaye kafin Disamba. A gefen unguwanni, inda ciyawa ke haɗuwa da katanga, hukumomin Chikun da Kaduna ta Kudu su ba itatuwan gida fifiko wajen rabon dashe.