Tsari Biyu a Jadawali Ɗaya: Jerin Wakilan Suna a Faransanci

Littattafan nahawun Faransanci kan miƙa wa ɗalibi jadawali ya haddace: me, te, se, nous, vous a kan gaba, sai le, la, les, sannan lui da leur, y da en su biyo baya, dukkansu kafin aikatau. Jadawalin daidai ne. Abin da nake ja da shi shi ne koyar da shi kamar ƙa'ida guda, alhali tsari biyu ne tarihi ya gwama.

A «il me le donne» wanda aka ba shi ne ya riga abin da aka bayar. A «il le lui donne» kuwa abin da aka bayar ne a gaba. Ɗalibi Bahaushe a Maraɗi ko Damagaram, wanda ya saba da «ya ba ni shi» da «ya kawo masa shi», ba ya tuntuɓe a jimlar farko. A ta biyu yake faɗuwa, kuma da hujjarsa, domin Faransancin ne ya sauya sheƙa.

Tsohon Faransanci «il le me donne» yake cewa. Sannu a hankali wakilan mai magana da wanda ake wa magana suka tsallako gaba, lui da leur suka tsaya a tsohon gurbinsu. Ke nan «le lui» ragowar tsohon tsari ne, kamar yadda umarnin «donne-le-moi» yake. Shi ma umarnin, a bakin jama'a ana jin «donne-moi-le», wanda malamai ke kira kuskure, ni kuwa ina ganinsa ci gaban waccan tafiya.

Akwai inda jadawalin ke yaudara ma. Yana nuna kamar «me» zai iya haɗuwa da «lui», amma «il me lui présente» ba Faransanci ba ne. Dole a ce «il me présente à lui». Masanin harshe David Perlmutter ya tattauna irin wannan takunkumi a 1971, takwararsa Eulàlia Bonet ta faɗaɗa shi a 1991: muddin karɓau kai-tsaye mai magana ne ko wanda ake wa magana, kaikaitaccen karɓau ba zai raɓu da shi gaban aikatau ba. Matsayin mutum a zance ne ke yanke hukunci a nan. Malamin da ya fara da tambayar wa ke magana, wa ake wa magana, wa ake magana a kansa, ya ba ɗalibinsa abin da zai gano wannan haramcin da kansa.