Tarihin Sakaya Sunan Wadda Aka Yi wa Fyaɗe a Dokar Ingila, 1975 zuwa 1992

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin yadda dokar Ingila ta kai ga sakaya sunan wadda aka yi wa fyaɗe, domin mu nuna cewa amfanin irin wannan kariya ya rataya ne a kan lokacin da take fara aiki.

Kafin 1976 jarida tana da damar buga sunan mai ƙara, tare da duk abin da aka tono na rayuwarta a gaban alƙali. Saboda haka mata da yawa suka gwammace su haɗiye baƙin cikinsu da su kai ƙara. A 1975 sai alƙalan Majalisar Dattawa, wato kotun ƙoli ta wancan zamani, suka yanke a shari'ar Morgan cewa namijin da ya gaskata a ransa macen ta yarda bai yi fyaɗe ba, ko da zaton nasa ba shi da madogara. Jama'a suka yi caa, gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Rose Heilbron. Rahotonsa na Disamba 1975 ya ba da shawarar a sakaya sunan mai ƙara, dokar 1976 kuma ta tabbatar da haka, har ta haɗa da wanda ake tuhuma.

To amma an bar ɓaraka, domin kariyar ba ta hawa sai an tuhumi wani. A 1986, bayan wani fyaɗe a unguwar Ealing ta Landan, wata jarida ta buga hoton matar, idanunta kawai aka rufe, alhali kuwa ba a keta doka ba. Dokar 1988 ta toshe wannan kafa: kariya ta koma farawa tun daga ranar da aka kai kuka, aka kuma janye ta daga wanda ake tuhuma. A 1992 aka faɗaɗa ta zuwa wasu laifuffukan lalata, tana bin mutum, mace ko namiji, muddin ransa.

Daga ƙarshe, mu waiwayi gida. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 a Nijeriya ta hana buga abin da zai fallasa waɗanda ke gaban kotu. Tambayar da muke miƙa wa masana shari'a a wannan taro ita ce: tsakanin ofishin 'yan sanda da zauren kotu, wa ke rufa wa mai kuka asiri?