Ina Talaka Zai Gudu? Waiwaye a Kan Yaƙe-yaƙen Ƙasar Katagum

A watan Janairu na shekarar 1824, wani matafiyi Baturen Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya sauka a birnin Katagum a kan hanyarsa ta zuwa Kano daga Kukawa. Sarkin da ya tarbe shi shi ne Ɗankauwa. Baƙon ya rubuta cewa tun da ya baro Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro kamar wannan ba: ganuwa biyu na jar ƙasa, gwalalo uku, ƙofofi huɗu, mutanen ciki kuwa tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Mai karatu zai iya ɗauka wannan yabo ne kawai. Mu kuwa tambaya ya tayar mana. Me ya sa garin da bai cika shekara 20 da kafuwa ba ya buƙaci ganuwa har biyu? Kuma mutanen ƙauye, waɗanda yawansu ya ninka na birni sau da yawa, ina suke fakewa idan ƙura ta taso? Wannan maƙala za ta bi sawun tambayar tun daga zamanin ganuwa har zuwa abin da ya sami Azare a shekarun 2011 zuwa 2014.

Katagum gari ne na kan iyaka, kuma a cikin yaƙi aka haife shi. Malam Zaki, wanda ya karɓi tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya haɗa tsofaffin ƙasashen Shira da Tashena a ƙarƙashin mulkinsa, ya kuma kai yaƙi har Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, kafin rasuwarsa a 1814. Daga nan ne sarakunan Katagum suka sami laƙabin Sarkin Barno. To, amma Barno ba ƙasar da za a ci a share hannu ba ce. Shehu Muhammadu El-Kanemi ya farfaɗo da ita, sa'an nan ya shiga musayar wasiƙu da Sakkwato a kan wata mas'ala mai nauyi, wato da wace hujja Musulmi zai ɗaga wa Musulmi takobi. Muhammadu Bello ya kawo hujjojinsa, El-Kanemi ya kawo nasa, kowannensu malami ne da ya san abin da yake faɗi. Da alƙalami ya gaza raba gardama, sai aka koma ga mashi. A 1826 El-Kanemi ya taso da runduna ya nufo yamma, Ɗankauwa ya ga ba zai iya riƙe birnin ba, ya fice. Shekara biyu kacal ke nan bayan Bature ya yaba ganuwar. Sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare Barebari a Fake a farkon 1827 kafin ƙafa ta tsaya, Ɗankauwa ya dawo gida.

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan mu duba yadda talakan wancan zamani yake tsare ransa. Yaƙi aikin rani ne. Da an cire amfanin gona, ƙasa ta bushe, koguna sun ja baya har doki yana iya ƙetarewa, sai hankalin kowa ya tashi. Garin da ya kai gari yana da ganuwa, wadda ake gyarawa da aikin gayya bayan damina, ana kuma barin fili a cikinta don noma da kiwo idan an yi wa gari zobe. Ƙaramin ƙauye sai ya dogara da kafi da sarƙaƙiya. Wanda ke zaune a tunga ko a ruga kuwa, ƙafarsa ita ce ganuwarsa. Idan aka ji kuge ko ganga, mata su goya yara, maza su kora dabbobi, a nufi gari mafi kusa kafin a rufe ƙofa. Wanda ya makara, ko dai ya mutu a hanya, ko kuwa ya wayi gari da igiya a wuya ana cinikinsa a wata kasuwa mai nisa, danginsa suna fafutukar tara kuɗin fansa. Abin da maharan suka bari ma, wato rumbun da aka ƙona da gonar da ba a shuka ba, yakan kashe mutane fiye da takobi. Sai dai littattafan tarihinmu sun fi kula da jerin sunayen sarakuna da yawan shekarun da kowane ya yi a kan gado. Ba su ƙidaya rumbuna ba.

Babbar masifar da ta faɗa wa ƙasar Katagum a ƙarni na 19 ba daga Barno ta zo ba, daga cikin gida ta fito. A 1848 Buhari ɗan Sambo ya hau gadon Haɗejiya. Ba a daɗe ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo Nalara. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu, wanda shi ma ɗan Sambo ne. Buhari ya ja jama'arsa ya yi arewa, ya sami goyon bayan Barno, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, aka kashe Ahmadu. A 1853 aka tara masa rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen daula, aka gamu a Kafur, kusa da Haɗejiya, ya watsa su. Daga wannan rana har zuwa 1863, lokacin da ya rasu a yaƙin da ya kai Gogaram ta ƙasar Bade, babu wanda ya sake iya taka masa birki. Katagum ce maƙwabciyarsa ta kusa, saboda haka ita ta fi shan wuya, tare da gabashin Kano da Misau da Jama'are. Dokta Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarimu, wanda ya ratsa yankin Gumel a 1851 ya kuma sake ratsawa a kan hanyarsa ta komawa, ya bar mana bayanin garuruwan da suka zama kufai da hanyoyin da fatake suka ƙaurace wa.

Wannan yaƙin basasa ne a cikakkiyar ma'anarsa. Masu kai hari da waɗanda ake kai wa duk Musulmi ne, tutarsu daga tushe ɗaya ta fito, akwai auratayya a tsakaninsu. Shari'ar da daular ta kafu a kanta ta hana bautar da ɗa Musulmi, amma mahayin da ya kama yarinya a bakin rijiya ba ya tsayawa tambayar ko ubanta yana salla. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan karin maganar bai yi aiki ba, domin gardamar gadon sarauta ce ta 'ya'yan gida ɗaya, amma manomin da bai taɓa ganin fadar Haɗejiya ba shi ruwan ya doka har shekara 12. Wani abin lura shi ne, har yau ba a tuna Buhari iri ɗaya. A Haɗejiya gwarzo ne da ya ƙi durƙusa wa kowa, ya kuma faɗaɗa ƙasarsa. A ƙetaren kogi kuwa labarin da kakanni suka bari daban ne. Mu a ganinmu duka biyun gaskiya ne, sai dai na farkon ya sami makaɗa da maroƙa, na biyun bai samu ba.

Bayan Buhari ma ƙasar ba ta huta ba. Ningawa suna kawo hari daga kudu maso yamma. A wajen 1888 Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansaninsa a Burmi da da'awar Mahadiyanci, ya gagari Gombe da maƙwabtanta har sai da Turawa suka kama shi a 1902. A 1893 Rabe ya ci Kukawa, a shekarar kuma basasar Kano ta ɓarke tsakanin Tukur da Yusufawa. Katagum ta zamo tsakanin wuta biyu, mutanen Barno masu gudun Rabe suna kwararowa yamma. Turawa suka iso a 1903, aka mayar da hedkwatar masarauta Azare a 1916, ganuwa ta zama abin da ruwan sama da masu haƙar ƙasar gini suke ci sannu a hankali. Mutane suka saba da kwana a gona, suka saba da tafiyar dare. Azare ta bunƙasa saboda tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Potiskum da Damaturu.

Wannan hanya da ta kawo arziki ita ce ta kawo sabuwar fitina. Mutane da yawa sun manta cewa tarzomar Boko Haram ta 2009 a garin Bauchi ta fara, ranar 26 ga Yuli, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kafin ta bazu zuwa Potiskum da Wudil da Maiduguri, inda aka kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. A Satumbar 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka tsere. A farkon Disambar 2011 abin ya iso Azare: 'yan bindiga suka shigo da dare suka kai wa ofishin 'yan sanda da bankuna hari da bama-bamai. A lokacin wasu sun ɗauka rigima ce tsakanin ƙungiya da hukuma, wanda bai sa kaki ba babu ruwansa. Shekarar 2014 ta ƙaryata wannan zato. Ranar 22 ga Oktoba bam ya tashi a tashar mota. Ranar 7 ga Nuwamba wani ya tashi inda mutane ke layin cirar kuɗi a wani banki. Ranar 16 ga Nuwamba wata mace ta tayar da bam ɗin da ke jikinta a kasuwar wayoyin hannu, mutum fiye da 10 suka rasu. Hari uku ke nan cikin kwana 26. A tsakiyar waɗannan kwanaki, ranar 10 ga Nuwamba, aka kashe ɗalibai fiye da 40 a wata makarantar sakandare ta Potiskum suna tsaye a wurin taron safe.

Idan muka gwada wannan da zamanin Buhari, za mu ga abu ya juye. A da, tsira tana cikin taro: a gudu cikin gari, a rufe ƙofa, maƙiyi yana waje ana hangen ƙurarsa. Yanzu taron shi ne abin tsoro. Tasha da kasuwa da makaranta da masallaci, wuraren da suke sa gari ya amsa sunansa, su aka nufa, kuma mai kawo harin sanye yake da irin tufafin kowa. Maharin da yana neman mutum da rai domin ya sayar da shi. Wannan kuwa ba ya neman komai a wurin mai sayar da cajar waya sai ransa, bisa wata fatawa da ta kafirta duk wanda bai bi shi ba. Mas'alar da El-Kanemi da Bello suka cika takardu a kanta, suna auna kowace kalma, ita ce wasu samari suka yanke wa hukunci a taƙaice, ba malami ba littafi. Muna ganin kuskure ne babba a haɗa su da malaman jihadi, ko da su suna riya haka.

Ganuwar zamanin ita ce shingen soja a kan hanya, da buhunan yashi, da laluben jiki a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ta yi amfani, amma talaka ya biya kuɗinta da awoyin da ya ɓata a layi, da kuma tsoron kada a ɗauke shi a madadin wani. Tsoron ba na banza ba ne, domin a 2015 ƙungiyar Amnesty International ta bayar da rahoton cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja a arewa maso gabas tun daga 2011. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, kuma kimanin 35,000 ne kawai makami ya kashe kai tsaye. Sauran yunwa ce da cuta, galibi ƙananan yara. Maganar rumbu ce dai ta dawo.

Dokar ta-ɓacin da aka kafa a Mayun 2013 ta tsaya a waɗancan jihohi uku, ba ta haɗa da Bauchi ba. Saboda haka ƙasar Katagum ta sake zama zangon farko ga mai gudu daga gabas, kamar yadda ta zama a zamanin Rabe. Mafi yawan waɗanda suka shigo jihar Bauchi ba a sansani suka sauka ba. A gidajen mutane aka karɓe su, wani wurin dangi, wani wurin abokin ciniki, wani a zauren malaminsa, aka share musu ɗaki, aka ƙara mudu a tukunya.