CND: Ƙungiyar da Ta Ce A'a ga Bam Tun 1958

Duk ranar 17 ga Fabrairu, ƙungiyar CND ta Birtaniya, mai fafutukar ganin an kwance damarar nukiliya, takan ƙara shekara guda a duniya. A irin wannan rana ce a 1958 mutum wajen dubu biyar suka yi cincirindo a babban zauren taro na Westminster da ke Landan, har wurin ya kasa ɗaukarsu. Tsoro da takaici ne suka tara su. A 1957 ƙasarsu ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran tekun Fasifik, kuma a Nuwamban shekarar marubuci J. B. Priestley ya fito a mujallar New Statesman yana kira ga Birtaniya ta ajiye nata bam ɗin ba tare da jiran kowa ba. Wasiƙun goyon baya suka yi ta kwarara, sai aka ga lallai akwai buƙatar inuwar da za ta haɗa waɗannan mutane.

Allah ya haɗa ta da dattawan kirki. Shugabanta na farko shi ne masanin falsafa Bertrand Russell, tsoho mai shekara 85, wanda tun a 1918 ya ɗanɗana kurkuku saboda ƙin yaƙi. John Collins, limami a majami'ar St Paul, shi ya riƙe kwamitin gudanarwa. Amma wadda ta ɗauki wahalar yau da kullum ita ce Peggy Duff, sakatariyar shirye-shirye, mace mai kamar maza. Duk mai ba da tarihin nan ya tsallake sunanta bai yi adalci ba.

A hutun Ista na 1958 aka yi tattakin da ya fito da sunan tafiyar. Wata ƙaramar ƙungiya 'yar'uwarta, DAC, ce ta shirya, CND ta mara mata baya. Kwana huɗu ana tafiya a ƙasa daga dandalin Trafalgar zuwa Aldermaston, inda ake ƙera makaman, tafiyar sama da kilomita 80, ga ruwa ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ɗalibai, malaman coci, iyaye mata da 'ya'yansu, makaɗa da algaitunsu na Turawa, kowa da sandar da aka liƙa wa kwali mai ɗauke da wani zane da ba a taɓa gani ba: da'ira, da layi a tsaye, da wasu biyu sun karkata ƙasa. Gerald Holtom ne ya zana shi, mutumin da ya ƙi ɗaukar bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya haɗa haruffan N da D na kwance damarar nukiliya a Turance ne yadda matuƙan jirgin ruwa ke nuna su da tutoci.

Bajojin farko da aka maƙala a ƙirji ba na ƙarfe ba ne. Wani ɗan ƙungiyar, Eric Austen, ya gina su da farin yumɓu, ya gasa, ya zana alamar da baƙi. Ana ba da kowanne da 'yar takarda mai bayanin cewa idan yaƙin nukiliya ya ɓarke, gasasshen yumɓun nan na cikin 'yan abubuwan hannun ɗan Adam da za su saura. Yau masu tara kayan tarihi na neman su ruwa a jallo, zanen Holtom na asali kuwa yana ajiye a garin Bradford. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyar ba ta taɓa yi wa alamar rajistar mallaka ba. Ta bar wa duniya ita kyauta, shi ya sa ta zama ta kowa.

Mu ma 'yan Afirka maganar ta shafe mu. Da Faransa ta ɗaura niyyar gwada bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya, 'yan wannan tafiya irin su Michael Scott da Michael Randle sun haɗu da Ba'amurke Bayard Rustin da 'yan Afirka a Accra a ƙarshen 1959, suka nufi hamada don su tsaya a wurin gwajin. Hukumomin Faransa suka tare su a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. An tayar da bam ɗin ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma duk wanda ya san daga inda ƙurar hunturu ke tasowa ya san dalilin da hankalin mutanenmu ya tashi. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a kan haka.

A cikin CND kuwa an samu saɓani a 1960, Russell ya fita ya kafa wani kwamiti mai zaman dirshan a tituna, har aka sake ɗaure shi yana da shekara 89. Ba a manufa suka bambanta ba, a hanya ne. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sararin sama, jama'a suka ɗan saki jiki, ƙungiyar ta yi sanyi. Da aka yanke shawarar girke makaman Amurka masu linzami a Turai a 1979 sai ta farfaɗo a hannun Bruce Kent, mambobinta suka tashi daga 'yan dubbai zuwa wajen dubu ɗari, mata kuma suka kafa sansani a ƙofar barikin Greenham Common tun 1981. A 1987 Amurka da Tarayyar Sobiyat suka amince da kwashe irin waɗannan makamai.

Masu cewa ƙungiyar ta gaza suna kafa hujja da cewa har gobe Birtaniya na da bam. Gaskiya ne, a 2021 ma ta ɗaga adadin bama-baman da ta yarje wa kanta zuwa 260. Sai dai a farkon 2021 ɗin ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta makaman nukiliya ta fara aiki, wadda Najeriya ta tabbatar da amincewarta da ita ranar 6 ga Agustan 2020. Birtaniya ta ƙi sa hannu, kuma CND na sahun gaba cikin masu matsa wa gwamnatinta lamba ta sa.