Daga Molue zuwa BRT: Abin da Hanyar Mile 12 Ta Koya Mana

Mu da muka daɗe a Legas ba mu manta da Molue ba, doguwar motar nan ruwan ɗorawa da ake cusa mutane kamar buhunan albasa. Da ita iyayenmu ke sammakon zuwa kasuwa.

Ranar 17 ga Maris, 2008, zamanin Gwamna Fashola, aka buɗe hanyar BRT daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon kilomita 22. Gwamnatin jiha, ta hannun hukumar LAMATA, ta ware wa bas layinta, ta gina tashoshi. Wasu daga cikin motocin kuwa ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta ci bashin banki ta sayo, tana biya daga kuɗin tikiti. A 2015 hanyar ta kai Ikorodu.

Abin da ya ɗora tsarin bisa turba shi ne kowa ya san nauyin da ke kansa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, kuɗin mota ke cinye ribar ɗan kasuwa. Don haka duk garin da aka ƙaddamar da sabbin motoci, 'yan uwa, kafin mu tafa mu tambaya: wa zai biya kuɗin mai, taya da makanikai bayan shekara biyu?