Kete Karaci: Garin da Ruwa Ya Raya, Ya Kuma Cinye

A ƙasar Gana, a bakin babban tafkin Volta, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Kete Karaci. Wanda ya sauka can yau zai tarar da masunta da manoman doya da kasuwa ta bakin ruwa, ba lalle ya san cewa garin da kakanni suka sani yana kwance a ƙarƙashin ruwan ba. Labarinsa ya shafe mu, gama Hausawa suna da hannu a gina shi.

Tun asali garuruwa biyu ne kusa da juna. Karaci shi ne garin 'yan ƙasa, masu harshen kansu daga dangin Guwan. Kete kuwa zangon baƙi ne, inda fatake suke sauka. Abin da ya sa wurin ya yi albarka shi ne kogin Volta. Masu kwalekwale sukan ɗauko gishiri daga Ada, can bakin teku, su yi ta haurawa da shi arewa har su iso Karaci, inda duwatsu suka tare kogin. A nan dole a sauke kaya. Inda aka sauke kaya kuwa, nan kasuwa takan ci. Fatake daga arewa sukan kawo shanu da tufafi, har da bayi a wancan zamani, su koma da gishiri da goro.

Akwai kuma wani abin da ya ba Karaci suna, wato tsafin Dente, wanda yake cikin wani kogon dutse. Mutane sukan zo daga nesa neman shawara da shari'a a wurinsa, har sarakunan Asante sukan aiko. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ƙarfin Asante ya ragu, sai firist na Dente ya zama kamar sarki a yankin, yana karɓar kuɗin hanya daga masu wucewa.

A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Fatake suka watse, da yawa daga cikinsu suka gangaro Kete. Cikin 'yan shekaru zangon ya cika da Hausawa da sauran baƙi, ya zama babbar kasuwa. Amma zama bai yi daɗi tsakanin baƙin da firist na Dente ba, saboda kuɗin da yake ɗora musu. A 1894 Jamusawa suka iso, suka kama firist ɗin suka kashe shi, suka kafa barikinsu a Kete Karaci a ƙarƙashin mulkinsu na Togo.

Cikin waɗanda suka baro Salaga akwai wani malami haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zama limamin Kete. Masani ne ƙwarai, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa. A can ya sadu da wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, wanda da farko ya zo Afirka aikin bishara tare da mishan na Basel, daga baya ya shiga aikin gwamnati. Mischlich ya zauna a gaban malamin yana koyon Hausa, malamin kuma ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami. A 1906 Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci. Mai karatu ya lura da wannan: wani sashe na tarihinmu a bakin Volta aka rubuta shi, ta wurin zaman mutum biyu waɗanda addininsu ba ɗaya ba. Alhaji Umaru ya rasu a Kete a 1934.

Mulkin Jamus ya ƙare a 1914, Ingila ta karɓi yankin. A 1956 aka jefa ƙuri'a, yankin ya haɗu da Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. Kafin wannan lokaci kasuwar Kete ta riga ta fara ja da baya, domin motoci sun ɗauke kayan da kwalekwale yake ɗauka a dā.

Babban canji ya zo ne sa'ad da gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina madatsar ruwa a Akosombo domin samun wutar lantarki. Ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama ginin a 1965. Tafkin da ya samu ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi girma da hannun mutum ya yi a duniya. Mutane wajen 80,000 suka rasa gidajensu, aka mai da su sababbin matsugunai 52. Tsohon Kete Karaci yana cikin wuraren da ruwa ya shafe. Aka gina sabon gari a kan tudu, mutane suka bar gonaki da kasuwa da kaburburan iyayensu.

Tafkin ya kawo amfani, ya kuma kawo wahala. Kifi ya yawaita, masunta suka taho daga kudu suka kafa ƙauyuka a gaɓa. Amma cutar tsargiya ta yaɗu, domin dodon-koɗin da yake ɗauke da ita yana son ruwa mai kwanciya. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya hau suna nan tsaye a ƙarƙashi, sukan fasa jiragen ruwa, rayuka su salwanta. Garin da a dā yake kan hanyar kowa ya koma can ƙarshen hanya, ruwa ya kewaye shi ta ɓangarori da dama. Wutar kuwa, manyan birane da masana'antun kudu ne suka fara morarta.

Yanzu Kete Karaci yana cikin yankin Oti, wanda aka yanke daga yankin Volta bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2018. Har yau akwai zango a garin, ana kuma jin Hausa a kasuwa. Mu da muke zaune a bakin Binuwai da Kwara, inda aka yi irin wannan ƙaura a Bussa sa'ad da aka gina madatsar Kainji, ya kamata mu riƙa tambaya tun kafin a aza harsashi: su wa za su tashi, ina za a kai su, me kuma za a ba su a madadin abin da suka bari.