Gida da Masara: Alƙawarin da Bai Tsallako Ganuwa Ba

A zaɓen 1979, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san tambarin NPN: gida da masara. Da abinci da muhalli Alhaji Shehu Shagari ya yi yaƙin neman zaɓe, da ya hau mulki kuma gwamnatinsa ta ce za ta riƙa gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, akasari domin masu ƙaramin ƙarfi. Kanawa dai mabuɗin PRP suka dangwala wa, Abubakar Rimi ya zama gwamna.

A nan gizo ke saƙar. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, sai ya zama kuɗi na wajen tarayya, fili na wajen jiha. A jihohi da dama an yi ta ja-in-ja kan inda za a kafa tubali, wasu gidajen suka ƙare a bayan gari, nesa da ruwa da kasuwa. Sojoji suka karɓe mulki a ranar ƙarshe ta 1983, aikin bai kai ko rabi ba. Abin da ya rage mana a Kano shi ne unguwar Shagari Kwatas.

Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kwankwaso ta gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Gine-gine ne na gani na faɗa, ba mu musa ba, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin firamare, da yawansu kuma sun daɗe babu kowa a ciki. Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa zai ga abu guda: daga Shagari Kwatas har Bandirawo, babu wanda ke cikin badala.

To mu 'yan cikin gari fa? Gidan talakan Yakasai ko Dala ko Koki gidan gado ne. Kaka ya bar soro da tsakar gida, 'ya'ya suka raba, jikoki suka sake rabawa, har ɗaki ɗaya ya zama rabon mutum uku. Yawancin irin waɗannan gidaje ba su da takardar mallaka ta gwamnati, banki kuwa ba ya karɓar shaidar mai unguwa a matsayin jingina. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 kan cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi. Ɗan kasuwar Kurmi da marinin Ƙofar Mata ba su da albashin da za a cira. Idan damina ta yi ƙarfi katangar ƙasa ta zube, sai dangi su yi karo-karo.

Waɗanda gida ya yi wa kaɗan ba su jira kowa ba. Sun sayi awon igiya a Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Sheka, suna aza bulo gwargwadon ciniki, ɗaki bana, ɗaki baɗi. A ganinmu, wannan ne shirin gidaje mafi girma da aka taɓa yi a Kano, ba tare da an yanka kintinkiri ba, sai dai ya zo babu magudanar ruwa, lungu ko motar kashe gobara ba ta shiga.

Ga 2027 na ƙaratowa, fastoci sun fara cika Ƙofar Nassarawa. Idan ɗan takara ya zo mana da zanen rukunin gidaje, mu tambaye shi nawa zai kashe wajen ba gidajen gado takarda, da gyaran kwatocin da ke cin gindin katangunmu.